Wuƙar Baba

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, mahauci ne ɗan mahauci. Ya tashi a zamanin da kalangu ke sanar da gari cewa an yi yanka, ya kama igiyar sa tun yana ɗan shekara goma sha biyu, bai ajiye wuƙa ba sai da ya haura saba'in idonsa ya fara hazo. Shaida zan bayar a kan yadda ya yi sana'arsa, domin na ga ana ta ja-in-ja a intanet kan ko cin nama zalunci ne, kuma akasarin masu wannan musu, na nan da na can, ba su taɓa tsayawa a kwata da asuba ba.

Yana da wata magana da yaran shagonsa suka haddace: "Yanka minti ɗaya ne, haƙƙin dabba kwana uku ne." Daga kara yake fara lissafin kwanakin.

Wudil yake zuwa ranar Juma'a, wani lokaci Maigatari ranar Alhamis. Kafin ya saurari dillali sai ya tsaya nesa kaɗan ya ƙare wa dabba kallo. Hanci ya kasance da danshi, ido tas babu kwantsa, gashi a kwance, tana tuƙa, numfashi ba ya fizga. Sannan ya matso ya buɗe baki. Sa yana fidda manyan haƙoran gaba biyu na farko a wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, baki ya cika da takwas a wajen shekara biyar. Rago kuwa biyun farko suna fitowa bayan ya cika shekara. Dillali zai iya rantsuwa a kan shekarun dabba, amma Baba haƙori yake yarda da shi.

Inda yake daɗewa shi ne a kan mace. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ciyawa ta ƙare, makiyayi yana neman kuɗin dusa da na hatsin gida, sai ya zaɓo saniyar da ta fi cika ido ya kawo kasuwa. Sau da yawa wadda ta fi cika idon mai ciki ce. Saniya wata tara take yi da ciki, tunkiya da akuya wata biyar. Baba yakan tsaya ta kwiɓin dama, ya dunƙule hannu ya tura ƙasan cikin da sauri, ya bar hannun a wurin; idan cikin ya kai wata shida ko bakwai, ɗan maraƙin zai dawo ya bugi hannun kamar ƙwarya a cikin ruwa. Ya duba hantsa ko ta fara cika. Cikin da bai kai haka ba hannu ba ya gane shi daga waje, sai likitan dabbobi ya sa doguwar safar hannu ya lalubo ta dubura, kuma daga wata biyu ana ganewa. Sai dai ba kowa ke yin wannan dubawa ba. Duk wanda ya san manyan kwatoci ya san kusurwar da ake jibge 'yan tayi, wasu har da gashi a jikinsu.

Malamanmu na Malikiyya sun ce ɗan tayi yana halatta da yankan uwarsa idan halittarsa ta cika kuma gashi ya tsiro masa. Baba bai taɓa jayayya da wannan ba. Cewa yake: "Halal ne, amma asara ce, kuma ban ga abin da zan ce wa Mai ita ba." Lissafinsa mai sauƙi ne. Karsanar Bunaji, wato fararen shanun Fulani, a hannun makiyayi takan kai shekara huɗu kafin haihuwar fari, daga nan kuma sai bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu. Shi ya ga farin 1973, ya ga cutar bushiya ta 1983 da ta kwashe garkuna, ya san shekarun da garke ke ɗauka kafin ya farfaɗo. In ya sayi mace ta zamo da ciki, ko dai ya mayar a yi musanye, ko ya ba da ita kiwo a ruga har ta haihu ta yaye.

Da ƙuruciyarsa ya bi tirelar shanu zuwa Legas sau da dama. Kafin zamanin tirela a ƙasa ake kora su kudu, ko a loda su a jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano tun 1911. Tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, ta Jebba da Ilori da Ibadan, kwana biyu in hanya ta yi kyau, uku ko fiye in mota ta lalace. San da ya kai kilo 300 yana buƙatar fili kamar murabba'in mita ɗaya, mai dogon ƙaho irin Rahaji ya fi haka. Idan aka cusa fiye da ƙima, wanda ya faɗi ba ya tashi, sauran su yi ta taka shi; idan kuma aka bar fili da yawa, kowane birki sai ya watsa su. Dole a zuba yashi ko ɓuntu a ƙasan motar saboda santsin kashi da fitsari, a raba masu ƙaho da marasa ƙaho, a raba bijimai da mata, a loda da yamma ko da asuba. Babban sa yana shan lita 30 zuwa 50 na ruwa a yini lokacin zafi. A irin waccan tafiya sau da yawa ko ɗigo ba sa samu. Ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadda ake tayar da wanda ya kwanta don gajiya: a murɗe wutsiya har ta karye, a zuba masa barkono ko garin taba a ido, wani ma ya sa haƙori ya ciji wutsiyar. Dabbar da ta kwanta don gajiya inuwa take so da ruwa da awa ɗaya ko biyu. Wadda ta karye kuwa, a yanka ta a inda take, kada a ja ta a ƙasa da igiya zuwa kwata.

Saboda haka a wurinsa dabba ba ta sauka daga mota ta wuce wuƙa. Sai ta kwana. Awa 12 zuwa 24 a inuwa, ruwa a gabanta koyaushe, abinci kuma a ɗauke shi kamar awa 12 kafin yanka, don tumbi ya yi sauƙi, kada ya fashe wajen fiɗa ya ɓata nama. Ruwa dai ba a ɗauke shi. Dabbar da ta sha ruwa fatarta ta fi saurin rabuwa da tsoka.

Abokan sana'a suna yi masa dariya wai yana ciyar da abin da zai yanka gobe. Shi kuwa ya san abin da yake kira naman wahala: baƙi-baƙi, a bushe, yana manne wa yatsa, kafin la'asar ya fara canza wari. Wani likitan dabbobi da ke duba nama a garinmu ne ya fassara masa dalilin. Tsoka tana da wani sukari da take ajiyewa. Bayan yanka sukarin nan yana juyewa ya zama tsami a cikin naman, ma'aunin tsamin, wanda ƙasa yake yi in tsami ya ƙaru, ya sauko daga wajen 7 zuwa 5.5 cikin yini guda, kuma wannan tsamin ne ke sa nama ya yi ja mai kyau, ya yi laushi, ya hana ƙwayoyin cuta saurin yaɗuwa. Dabbar da ta sha yunwa da duka da tsoro ta riga ta ƙone sukarinta, sai ma'aunin ya tsaya sama da 6. A garin da wuta ba ta zama, firji kuma sai wane da wane, wannan bambancin shi ne tsakanin riba da zubarwa. Ga kuma shaidar sanda: duk inda aka doka, in an feɗe sai a tarar jini ya kwanta, a yanke wurin a yar. Majema su ma suna rage kuɗin ƙirgin da ke da tabon bulala ko na lalas. Da likitan ya gama bayani Baba ya ce: "To, likita, ashe dabba tana kai ƙara tun a duniya."

Kayar da sa ma da ƙa'idarsa. Igiya mai kauri, mita 10 zuwa 12. A ɗaure gindin ƙaho, a zagayo da ita ta bayan ƙafafun gaba a sarƙe, a sake zagayowa ta gaban ƙugu a sarƙe, mutum ɗaya ya riƙe kai, biyu su ja ta baya a hankali. San da kansa zai durƙusa ya kwanta, babu sanda ko ɗaya. Sai dai a yi hattara kada igiyar baya ta matse hantsa ko mazakuta, kuma kada a kayar da shi sai mai yanka ya shirya, domin sa in ya daɗe a kwance ta gefe ba ya iya gyatsa, cikinsa ya kumbura ya danne huhu. Masu gaggawa sukan sare agara da adda don dabba ta zube. Baba ya taɓa korar yaro daga shagonsa a kan wannan, yaron da ya shekara uku a hannunsa, kuma duk roƙon da aka yi bai mayar da shi ba.

Wuƙarsa ta yanka dabam take da ta fiɗa, ba ta taɓa ƙashi. Tsawon ruwanta ya ninka faɗin wuyan dabba sau biyu: ta rago taƙi ɗaya da ɗan ɗori, ta sa kamu guda. Gajeriyar wuƙa tana tilasta mutum ya yi ta gurzawa, tsininta kuma yana shiga cikin rauni. Tun da dare yake wasa ta a dutse da ruwa, ya gama a kan fata, ya gwada a gashin hannu, sannan ya bi kaifin da farce daga gindi zuwa tsini yana neman giɓi. Giɓin da ido ba ya gani farce yana jin sa, kuma shi ne ke yagar fata maimakon ya yanka. Koyaushe da wuƙa ta biyu a kube, ko da ta farko za ta ba da matsala. Hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito, na 17 a Arba'una, shi ne karatunsa: Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku yi yanka ku kyautata yankan, ɗayanku ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Da ɗayan kuma, na mutumin da ya kwantar da akuya sannan ya hau wasa wuƙa tana kallo, Manzon Allah (SAW) ya yi masa faɗa a kan me ya sa bai wasa ba kafin ya kwantar da ita. Shi ya sa yake tahowa da wuƙa a bayansa, kuma ba ya yanka wata a gaban wata. A gida ma ko zana ce sai an kafa tsakani, a wanke jinin farko ko a rufe shi da ƙasa kafin a kawo ta biyu.

Yankan kansa: a fuskantar da ita alƙibla, a miƙe wuya ba tare da an murɗe ba, a yi bisimilla da kabbara, a yanke maƙogwaro da manyan jijiyoyin jini biyu ta gaba, ba a ɗaga hannu sai an gama, zakaran wuya kuma ya tafi ɓangaren kai. Daga nan sai jira, kuma a nan mutane da yawa suke faɗuwa. Rago yakan fita hayyacinsa cikin daƙiƙa goma sha biyar ko ƙasa da haka. Sa ya fi daɗewa, yakan kai rabin minti, wani ya haura minti guda, saboda yana da wasu hanyoyin jini da ke bi ta cikin ƙashin wuya zuwa ƙwaƙwalwa, waɗanda wuƙa ba ta kai musu. Wani lokaci kuma bakin jijiyar da aka yanke ya kumbura ya toshe, jini ya tsaya, dabba tana nan tana ji. Saboda haka Baba yake tsugunawa ya zuba wa jinin ido har ya tabbata yana zuba da ƙarfi ta ɓangarorin biyu. Ba a watsa ruwa a raunin, ba a karya wuya, ba a soka wuƙa a laka don a tsayar da shure-shure, ba a fara fiɗa. Sai shure-shure ya ƙare, numfashi ya ɗauke, ya sa yatsa ya taɓa ƙwayar ido bai ga ƙiftawa ba, kamar minti uku zuwa biyar. Ranar Babbar Sallah yara suna tsaye da wuƙaƙe suna ɗoki, shi kuwa ko a jikinsa.

Abin da ake tararwa a ciki wani babi ne. A shekarunsa na ƙarshe da wuya a buɗe tumbin tunkiyar cikin gari a rasa leda, wani lokaci dunƙule guda kamar kan mutum, dabba ta yi watanni tana ramewa mai ita yana ta ɗura mata magani. Maganin ma matsala ne. Allurar kashe ƙwayoyin cuta mai ruwan ɗorawa da makiyaya ke yi da kansu tana buƙatar mako uku zuwa huɗu kafin a ci naman, ta tsutsar ciki da kaska kuma ta haura wata. Adadin kwanakin yana rubuce a jikin kwalba. Da yawa in dabba ta ƙi warkewa sai a garzaya da ita kasuwa da maganin a jikinta. Wurin allura yana bayyana a tsoka, ya yi rawaya ko ya tara ruwa, shi ya sa ake son a riƙa yi a wuya maimakon cinya. Huhun da ke da ƙulle-ƙulle masu kama da cuku alamar tarin fuka ce, kuma tana kama mutum. Binne shi yake, ya kira likita ya duba sauran. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci da dubura bai daskare ba, wannan ko kusa kada a buɗe ta, ciwon saifa ake tsoro, irin wanda aka tabbatar a wata gona kusa da Suleja a watan Yuli na 2023.

Ragon layya kuwa masu shi ne ke kashe shi da ƙauna. A sayo ragon da ya saba da harawa, a cika masa kwano da masara ko ragowar tuwo da shinkafa, tumbi ya yi tsami, ya kumbura, ya kama zawo, a wayi gari ana neman mai yanka kafin ranar Sallah. Tambayi mai sayarwa abin da yake ci ka ci gaba da shi. In za a canza, a yi a hankali cikin mako biyu.

Ana nan sai 'yar yayanmu ta dawo hutu daga jami'a ta ce ta daina cin nama. An kai su wata babbar kwata a wani birni don aikin karatu, ta ga saniyar da aka sare wa agara tana jan gindi a cikin jini, ta ga kusurwar 'yan tayi, ta ga ana babbaka ganda da tayar mota. Daga baya ta ajiye ƙwai da madara ma, ta shiga sahun masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, ra'ayin da wani Bature mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa wa ƙungiya a Ingila a 1944. A gidan Rundawa! Uwarta ta ce a nemo mai ruƙiyya, ubanta ya ce ta haramta abin da Allah ya halatta. Baba ya sa aka kira ta zaure.

"Amarya, zo nan. Haramta shi kika yi, ko zuciyarki ce ta ƙi?"

"Kaka, ban ce haram ba ne. Na kasa haɗiya ne."

Ya sa ta faɗa masa abin da ta gani dalla-dalla, bai katse ta ba. Da ta gama ya juya wajen yayanmu ya ce: "An ci damo a gaban Manzon Allah, shi bai ci ba, bai kuma hana Khalid ɗan Walid ci ba. Ku ƙyale min amaryata. Abin da ta gani ni ma na gani, kuma ƙarya ba ta yi ba."

Sharaɗi ɗaya ya gindaya mata, kada ta rame masa. Kuma a ƙasar Hausa wannan ba wuya: wake da shinkafa, ƙosai, alala, ɗanwake, awara, gurjiya, riɗi, ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale ko rama, daddawa a miyar kuka. Hatsi da wake in sun haɗu suna cike wa juna gurbin abin gina jiki. Sinadarin ƙarfe na ganye da wake jiki ba ya ɗaukarsa da sauƙi kamar na nama, sai a haɗa da lemun tsami ko tumatir ko goba, a kuma jinkirta shayi awa ɗaya bayan cin abinci. Abu ɗaya ne tsiro ba ya bayarwa, bitamin B12. Babba yana buƙatar maikurogiram 2.4 a rana. Hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana jin garau kafin kasala da ƙarancin jini da mutuwar yatsu su bayyana, kuma lahanin jijiya in ya daɗe ba lalle ya gyaru ba. Wanda ya bar nama da nono da ƙwai dole ya riƙa shan ƙwayar, mai ciki da mai shayarwa kuwa sai da likita.

Ni a ganina wa'azin barin nama ba na yawancin gidajenmu ba ne. Gidan da ba a ganin nama sai suna ko Sallah, ƙwai guda ko ludayin nono a bakin yaro magani ne, kuma akwai dajin da ba abin da zai fito a cikinsa sai ciyawar da saniya za ta mayar nono. Amma a kan kwata yarinyar nan ta fi mu gaskiya, haka a kan kajin da ake rataya su kai ƙasa a babur tun daga ƙauye, da waɗanda ake tsomawa a ruwan zafi suna sauran motsi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai sayen tsire yana da bakin tambayar mahaucinsa ko dabbar ta kwana, ko an duba ta.

Har yau ba ta cin nama. Nono dai ta koma sha, daga hannun wata Bafillatana da ta bi har ruga ta ga ana sakin maraƙi ya fara tsotsa kafin tatsa, a kuma bar masa rabonsa bayan an gama.

Sallar Baba ta ƙarshe ba ya gani sosai, a kujera aka fito da shi. Ita ce ta ba ragon ruwa da safe, ta kafa zanar tsakaninsa da na maƙwabta, sannan ta shige ɗaki. Yayanmu ya kawo wuƙar ya durƙusa ya miƙa masa. Baba ya bi kaifin da farce a hankali, ya tsaya kusa da tsini, ya sake bi.

"Akwai giɓi a nan. Koma bayan katanga ka gyara. Kai kuma saki ƙafarsa ya tashi tsaye, sai an dawo."